Tambayoyin da na gaji da amsawa a ɗakin ɗura iska

Ina aiki a wani shagon masu nutso a Dahab, bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sina'i a ƙasar Masar. Yawancin yinina a ɗakin kwamfuresa, injin da muke ɗura iska da shi a tukwanen da masu nutso ke goyawa, yake ƙarewa, inda ƙarar inji ba ta barin ka ji sallamar mutum. Tun da 'yan'uwanmu suka fara zuwa hutu Sharm el-Sheikh da nan, duk wanda ya ji akwai Bahaushe a shago sai a turo mini shi, tambayoyin kuma kullum su ne dai. Ga su nan na rubuta. Wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki, wannan zan miƙa masa.

Oksijin kuke ɗura mana a tukunyar?

A'a. Iska ce, irin wadda kake shaƙa yanzu haka: oksijin kashi 21 cikin 100, sauran kusan duka naitirojin. Tace ta muke yi, mu busar da ita, mu matse. Da zallar oksijin ce, kana wuce mita 6 ka shiga haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. A daina cewa "tukunyar oksijin", wannan ta asibiti ce.

Na iya ruwa tun ina yaro, me ya sa sai na nuna kati?

Don iyo daban, numfashi a ƙarƙashin ruwa daban. Mai iyo a kogi ya saba riƙe numfashi, a wajenmu kuwa wannan ɗabi'ar ce take kisa. Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10, in ka taso da ita a ƙirji ba ka fitar ba, kafin ka iso sama ta ninka biyu, huhu kuma ba balan-balan ba ne. Katin shaidar ka yi kwas na nutso daga ƙungiyoyin horarwa irin su PADI, SSI, CMAS ko BSAC, kowanne ka kawo mun karɓa. In ka manta shi a gida, faɗi sunanka da ranar haihuwarka, galibi mukan same ka a intanet. In ba ka taɓa yin kwas ba, akwai nutson gwaji tare da malami yana riƙe da kai. Amma tukunya cike a hannunka ka tafi kai kaɗai, Alhaji, ko nawa za ka biya ba zan ba ka ba.

Minti nawa tukunya ɗaya take yi?

Ya danganta da ƙirjinka da zurfinka. Wadda aka fi bayarwa a nan ta alminiyam ce mai kimanin lita 12, a cika ta zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), wato iska lita 2,400. Bar 50 ba naka ba ne, da shi za ka fito. Saura lita 1,800. Sabon shiga yakan sha kamar lita 20 a minti a saman ruwa, a mita 20 kuma ninki uku, lita 60. Rabin awa ke nan. In ka natsu ka daina fafutuka da hannu za ka fi haka. In kai ƙato ne, nemi mai lita 15 tun da dare, ba da safe mota na jira ba.

Na biya kuɗin bar 200, na duba agogona na auna matsi na ga 180. Cuta ta aka yi?

To, a nan sai mun zauna, don wannan ce tambayar da ta fi jawo faɗa a bakin kanta, kuma amsarta ba e ko a'a ba ce.

Abu na farko zafi. Iska in ana matse ta zafi take yi, taɓa tukunyar da aka gama cikawa ka ji. Iska mai zafi ta fi tura agogo, in ta huce sai allura ta sauka, alhali ko ɗigo bai fita ba. Lissafinsa kusan kashi biyu bisa uku na bar ɗaya ne a kowane digiri. Tukunyar da aka cire daga tiyo tana nuna 200 a zafin digiri 50, in ta sauko digiri 25 za ka same ta wajen 185. Ba wanda ya saci komai. Haka ma wadda ta sha rana a bayan a-kori-kura daga gari zuwa wurin nutso na Blue Hole: tana nuna 210 a tudu, kana faɗawa ruwa da ita ta koma ƙasa da 200.

Amma kada mai shago ya fake da wannan, domin mu ma mun san lissafin. Mai aikin kirki a hankali yake ɗurawa, ya bar tukwane su huce, ya dawo ya ƙarasa musu. Wasu kuma sukan ɗan zarce kaɗan tana da zafi don in ta huce ta tsaya daidai, tunda matsin da aka buga a kafaɗar tukunya na iska mai sanyi ne, digiri 15 a ƙa'idar Turai. Ko za a yi hakan, da iya inda za a tsaya, ya danganta da tsarin shagon da irin tukunyar, ba abin da baƙo zai tsaya a kaina yana ba ni umarni ba ne. Akwai masu tsoma tukwane a kwatamin ruwa lokacin ɗuri. Yana ɗan taimakawa in ba a yi sauri ba, sai dai ni ba na so, don ɗigon ruwa ɗaya a bakin bawul in iska ta tura shi ciki ya fi mini bar 10 ciwo.

Abu na biyu agogo. Naka da nawa ba lallai bakinsu ya zo ɗaya ba. Na sha ɗaura agogo uku a tukunya guda su ba ni amsa uku, tazarar bar 5 ko 10. Kafin ka ɗaga murya, ɗaura na abokin tafiyarka. Sau da yawa a nan maganar take mutuwa.

Na uku, duba kafaɗar tukunyar. Akwai mai 200, akwai mai 207 irin ta Amurka, akwai mai 232, akwai ta ƙarfe mai 300. In ta abokinka ta nuna 230 taka ta nuna 200, wataƙila ba fifiko aka yi masa ba, tukwanen ne ba iri ɗaya ba. Kada ka ce in ɗura wa mai 200 iskar mai 232. Ni ne nake tsaye kusa da ita, ba kai ba.

Sai yoyo. Ƙaramar robar bakin bawul in ta tsufa, ko bawul ɗin ba a rufe shi sosai ba, tukunya takan kwana tana tsiyaya. Kasa kunne, ko ka shafa ruwan sabulu ka ga kumfa. Wannan laifin shago ne, amma ba mugunta ba ce, canza roba minti ɗaya ne.

Bayan duk wannan, e, akwai ha'inci da lalaci. Lokacin da baƙi suka yi yawa, tukwane sun taru, yaro ɗaya a kan inji tun asuba, sai a riƙa cire tiyo da zarar allura ta taɓa 200 da zafinta. In kullum 170 ko 180 kake samu a shago ɗaya, tukunya a sanyaye, agogo biyu sun shaida, to ba zafi ba ne, hali ne.

Ga yadda ni nake auna abin, kuma wani ma'aikacin zai iya saɓa mini. Daga 190 zuwa sama, ɗauki ka tafi. Tsakanin 180 da 190, duba inda za ka: in yawon murjani ne a mita 12, ba abin tada jijiyar wuya ba ne, don bar 20 a tukunya mai lita 12 lita 240 ne, minti huɗu kacal a mita 20. In kuwa jirgin Thistlegorm za ka, wanda yake kwance a kusan mita 30 tun da aka nutsar da shi a 1941, ga igiyar ruwa mai ƙarfi, to kowane bar yana da amfani, nemi a canza. Ƙasa da 180, mayar, haƙƙinka ne, kuma shagon da ya ɓata rai don ka mayar ba wurin komawa ba ne. Sharaɗi ɗaya: ka duba tun a shago ko tun jirgi bai tashi ba. Wanda ya bari sai an kai tsakiyar teku sannan ya ce tasa ba ta cika ba, me yake so in yi masa daga nan?

Ba za a iya cika ta a wajen mai faci ba?

Injin mai faci da ƙyar yake kai bar 10, kuma iskarsa da mai take fitowa. Kada in sake jin wannan.

Iskar tana ɗan warin mai, in daure?

Kada ka daure. Rufe bawul, kawo mini, kuma ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji, don tukwanen da aka cika tare da taka duk abin zargi ne. Iska mai kyau ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. Warin mai yana nufin filta ta gaji ko inji ya yi zafi fiye da kima. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne wanda ba ya wari. Duk wanda ya tashi a inda ake kwana da janareta ya san labarin gidan da aka wayi gari ba wanda ya farka. Wannan hayaƙin ne dai, kabon monoksaid. In bututun da kwamfuresa yake zuƙar iska yana kusa da salansar mota ko ta injin jirgi, gubar za ta shiga tukunya, a zurfi kuma kowane numfashi ninkin ta kake zuƙa. Ƙa'idar Turai ta EN 12021 ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin miliyan ba. Ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a ƙarƙashin ruwa, yi wa abokinka alama ku tashi a hankali.

Kana da damar ka ce a nuna maka takardar gwajin iska ta ƙarshe da inda bututun yake zuƙa. Ni in aka tambaye ni daɗi nake ji. Wanda ya fusata, ka san dalili.

Na sayi tukunya ta hannu da araha, kun ƙi cikawa. Wulaƙanci ne?

Araha ba ta ado. Karanta abin da aka buga a kafaɗarta: akwai wata da shekarar gwajin ƙarshe. Gwajin shi ne a cika ta da ruwa a matse fiye da aikinta, ninki ɗaya da rabi a Turai, biyar bisa uku a Amurka, a ga ko ta buɗe ta kasa komawa. A Amurka da Ingila duk shekara 5 ake yi, ban da leƙa cikinta da fitila da ake yi a tsakani. In kwanan ya wuce, ba na ɗaura ta a tiyo.

In kuma tsohuwar alminiyam ce ta kamfanin Luxfer na Amurka daga 1972 zuwa tsakiyar 1988, da wani haɗi aka yi ta mai lamba 6351 wanda aka san shi da tsagewa a wuya sannu a hankali. Akwai na'urar da ake gwada wuyan da ita, wasu shagunan suna karɓa in ta ci gwajin, da yawa kuma sun rufe babin gaba ɗaya. Tukunya in za ta fashe, galibi lokacin ɗuri take yi. Shi ya sa mai ɗurawa yake da ta cewa, ba mai tukunya ba. Kada kuma ka kai ta a yi mata fentin da ake gasawa, zafi yana kashe ƙarfin alminiyam.

Me ya sa kuke faɗa in na dawo da ita ba komai a ciki? Ai na biya.

Ka biya, amma tukunyar da ba matsi a cikinta danshi yake shiga, ta ƙarfe ta yi tsatsa, ta alminiyam ta yi farin gari. Dole a kwance bawul a duba. Wannan ƙaramar magana ce ma. Babbar ita ce me ya zaunar da kai a ƙasa har allura ta kai sifili?

An ce in auna naitiroks da kaina in sa hannu. Ba ku yarda da aikinku ba ne?

Mun yarda, amma ɗan Adam ajizi ne. Naitiroks iska ce da aka ƙara wa oksijin, galibi kashi 32 ko 36, tana rage naitirojin da jiki yake sha, amma tana da iyakar zurfi: mai 32 kada ta wuce mita 33, mai 36 kada ta wuce 28. In aka yi kuskuren liƙa takarda ka sauka mita 35 da mai 36, hannun da na sa ba zai cece ka ba. Auna, rubuta a jikin tukunya, saita kwamfutarka ta nutso, sa hannu a littafi. Minti biyu ne. Ba ka da katin naitiroks, ba ka samu.

Regiletata, na'urar da nake shaƙar iska da ita, ta ƙi shiga bakin tukunyarku.

Baki iri biyu ne, DIN mai murɗawa da mai maƙalawa. Yawancin bawul ɗinmu akwai ɗan ƙarfe a ciki da ake cirewa ko a mayar da makulli. Kawo in yi maka, kada ka sa ƙarfi.

Zan iya hawa jirgin sama da tukunyata?

Sai ba iska kuma an cire bawul. Wahalar banza ce, yi haya. Abin da ya kamata ka tambaya shi ne jikinka: awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka jera, mu a nan cewa muke ka ba shi kwana guda cur kafin jirgi.

Ana ba mai ɗura iska wani abu?

A Masar kake, bakshish al'ada ce. Ba dole ba ne. Amma jagoran da ya nuna maka kunkuru kowa yana tunawa da shi, yaron da ya ɗauki tukwane tun kafin ka tashi daga barci ba mai ganinsa. Akwai akwati a kanta, ana rabawa.

Sauri nake yi, ba za ka cika mini yanzu-yanzu ba?

Zan iya, minti uku. Za ta fito da zafi, ka isa bakin ruwa ka ga 180, ka dawo ka yi mini tambaya ta huɗu. Kawo ta da yamma, ka karɓa da safe.