Waiwaye: Laifin aure, yafiya da rigimar goyo a Zamfara

In aure ya mutu akwai goyo, tambayar farko da ake yi a zaure ita ce wa ya yi laifi. Tambayar wa zai riƙe jaririn tana biyo baya, kuma a idon jama'a amsar ta farkon ce ke yanke ta biyun: in matar ce ta ɓata, to ta ajiye wa dangin miji ɗansu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, shari'ar da alƙalan wannan ƙasa ke hukunci da ita tun zamanin jihadin 1804 ba ta taɓa ɗaure tambayoyin biyu wuri ɗaya ba.

Mazhabar Malikiyya ce a nan, kuma littattafan da alƙalai suka gada su ne Risala ta Ibn Abi Zaid, da Mukhtasar na Khalil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Maganar Risala kan reno a fili take. Bayan saki uwa ce ke riƙe yaro har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Uba yana can baya a layi, amma ci da tufafi da wurin kwana duk a wuyansa suke, haka walicci. Tushen hukuncin shi ne hadisin matar da ta kai ƙara cewa cikinta ne ya ɗauki ɗan, nononta ya shayar da shi, Annabi (SAW) ya ce ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Ko Sayyidina Umar da ya ɗauke ɗansa Asim a Ƙuba, kakar yaron ta bi shi har gaban Sayyidina Abubakar, aka ce ya sakar mata.

Al'adar Bahaushe kuwa ta tsaya kan cewa 'ya'ya na uba ne. Saboda nono ake ɗaga wa uwa ƙafa. Da lokacin yaye ya yi, sai a ga gwaggon yaro ta iso da zanen goyo a kafaɗa, ta gaisa da mutanen gida, ta ce, "Yaya ya ce a ba ni yaron nan, ya isa yaye." Uwar ta haɗa 'yan rigunansa a leda, mahaifiyarta na cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, ai nasu ne." Daga nan sai hannun kishiya ko kaka. Ba alƙalin da ya yi wannan hukunci, kuma galibi ba wanda ya je ya tambaye shi.

Turawa da suka ci Sakkwato a 1903 sun bar kotunan alƙalai, ba su taɓa dokar aure da gado ba. Gyaran 1960 ya cire laifuka ya ba dokar Penal Code, ya kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A ƙarshen shekarun 1960 soja suka karɓe kotunan daga hannun En'e suka mai da su kotunan yanki. Da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, haddi ne ya dawo. Aure da saki da reno dama ba su je ko'ina ba, har sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambace su cikin hurumin kotun ɗaukaka ƙarar.

Laifi yana da gurbinsa a shari'a, amma gurbin kuɗi ne da igiyar aure. Matar da ta fita ba dalili na iya rasa ciyarwarta, ba ta yaronta ba. Wadda ta ce ta gaji alhali miji bai cuce ta ba, sai ta yi khul'i ta fanshi kanta, kamar matar Sabit bin Ƙais da ta mayar da gonar sadaki. Wadda ta tabbatar da cutarwa, duka ko zagi ko ƙaurace wa shimfiɗa, alƙali zai raba ba ta biya ko kwabo ba, kuma in an riga an karɓi kuɗinta sannan cutarwar ta tabbata, a mayar mata. Galibi reno ba ya faɗuwa sai abin da zai taɓa yaron kansa: taɓin hankali, cuta mai yaɗuwa, rashin amana da ya bayyana, ko auren wanda ba muharramin yaron ba. Rashin iya girki da tsiwa da yawan yaji ba sa cikin lissafi.

Sai dai akwai ƙofa ɗaya da maza suka gano tuntuni. Malikiyya ta yarda mace ta yi khul'i da sarayar da renonta. Saboda haka mijin da ya san matarsa ta ƙosa sai ya ƙi saki, ya tsuga kuɗin da ya san gidansu ba su da shi, har da lefe da toshi da hidimar biki, sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, in ta bar mini yarona na yafe." A takarda sulhu ne. Ni dai ban ga sulhu ba inda aka sa wa mai jego wuƙa a wuya, kuma malaman da suka halatta abin sun gindaya kada ya cutar da yaron.

Yafiya ta fi komai rikitarwa. Mace ta yi yaji, a yi biko, kawu da liman su zauna, a ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ta koma. Sau biyu, sau uku. Ranar da ta kai ga kotu, tabon ya warke, maƙwabtan da suka ji ihu ba sa son shiga tsakanin miji da mata, lauyan miji ko waliyyinsa ya ce da gaskiya ne ai da ba ta koma ba. Haƙurin da aka roƙe ta shi ne ya cinye mata hujja, duk da cewa Malikiyya ta sassauta har ta karɓi shaidar abin da ya yaɗu a unguwa kan cutarwa. Namiji kuwa in ya ce ya yafe, sau da yawa ajiya ya yi. Sai an zo rabon yaro ya tono zargin bara, ya ce ba zai bar ɗansa hannun irin wannan ba.

A nan shari'a ba ta ba shi fili ba. Wanda ya zargi matarsa da zina ba shi da shaidu 4, ko dai ya yi li'ani, wato rantsuwar tsinuwa a gaban alƙali kan zargin, ko ya sha bulala 80 ta ƙazafi, kuma tun da dokar laifuka ta Shari'a ta fara aiki a Zamfara a Janairun 2000 wannan ba karatun zaure ba ne kawai. In ya san da ciki ko haihuwa ya yi shiru ba uzuri, ko ya kusance ta bayan abin da ya ce ya gani, li'anin ya wuce shi. In kuma ya kore ɗan da li'ani, to ɗan ya koma ga uwa, ba shi da bakin nema. Masu auren rajista, da ke bin dokar 1970, su ma suna da irin wannan ƙa'ida: laifin da aka yafe aka ci gaba da zama ba a kafa ƙara da shi.

A 2022 Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu kan dokar kare yara, shekara 19 bayan ta tarayya ta 2003, kuma Hisba na zaunar da ma'aurata kafin a kai ga sammaci. Inda gizo ke saƙar har yanzu shi ne ciyarwa. Alƙali ya ba uwa reno ya yanka wa uba kuɗin wata, ya biya na wata biyu ya ɗauke ƙafa. Ita tana gidan tsoho wanda ƙila 'yan bindiga sun raba shi da gonarsa, ga kuɗin mota zuwa kotu duk zaman da za a yi, ga manemi yana cewa ba zai riƙe agola ba. Ba a jimawa ita da kanta take aikawa a zo a ɗauki yaron.