Samfurin Kan Jirgin Shantin Mai Dizal

Kan jirgin shantin shi ne wanda ke aiki cikin harabar tasha ko masana'anta, yana rarraba taragu yana harhaɗa su, ba ya tafiya mai nisa. Masu sha'awar ƙera ƙananan layukan dogo a gida, musamman a Amurka da Birtaniya, suna son samfurinsa domin gajere ne, yana shan kwana mai tsauri, kuma tebur ɗaya ya ishe shi.

Sikelin (ma'aunin ƙanƙantar samfuri idan aka gwada da jirgin gaske) da ya fi yawa shi ne HO, wato 1:87, da tazarar milimita 16.5 tsakanin dogo da dogo. Sikelin N kuwa 1:160 ne, tazararsa milimita 9. 'Yan Birtaniya sun fi riƙe OO, 1:76, a kan layi iri ɗaya da na HO, kuma abin da suka fi kwaikwaya shi ne kan shantin ƙasarsu mai suna Class 08, wanda aka ƙera guda 996 tsakanin 1952 da 1962. A Amurka akwai Alco S-2 mai ƙarfin doki 1,000 da EMD SW1500 wanda ya fito a 1966, sai ɗan ƙaramin GE mai tan 44. An ƙera wannan na ƙarshe da nauyin da bai kai fam 90,000 ba da gangan, saboda yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata ta 1937 ta wajabta mutum na biyu a kan duk wanda ya wuce wannan nauyi. Atlas, Athearn, Bachmann da Hornby na cikin masu fitar da waɗannan samfura.

Kyan fenti ba shi ke nuna samfurin kirki ba. Abin dubawa shi ne rarrafe. Gudun kilomita 8 a awa na jirgin gaske ya yi daidai da kusan santimita 2.5 a daƙiƙa a sikelin HO, kuma kan shantin da ba ya iya riƙe wannan tafiya ba tare da fizga ba, bai yi ba.

Babbar matsalarsa wuta ce. Samfurin yana ɗaukar lantarki daga dogo ta ƙafafunsa, kuma da yake gajere ne, ƙafafun kaɗan ne ke taɓa layi a lokaci guda. A marabar layi, inda dogo biyu ke giciye, akwai ɗan tsinin da wasu masana'antu ke yi da roba. Da ƙafa ta hau wurin sai wuta ta yanke, jirgi ya tsaya cik. Masu ƙafa shida ko huɗu sun fi fama da wannan. Maganinsa a sa tsinin ƙarfe a haɗa masa waya mai sauya ɓangaren wuta daidai da juyin maraba, ko a ƙara wa dikoda, 'yar na'urar da ke cikin samfurin mai karɓar umarnin mai tuƙi, kafasita mai riƙe wuta na 'yan daƙiƙu. Datti a ƙafafun ma yana yanke wuta: a jiƙa takardar goge-goge da barasar isopropil, a shimfiɗa ta kan layi, a bar rabin ƙafafun su juya a kanta. Mai kuwa ɗigo ɗaya ya isa, kuma ya zama wanda ba ya cin roba. Ƙarar kas-kas a kowane zagayen ƙafa yawanci giyar gatari ce ta tsage, sai canji.

A tsarin DCC, wato sarrafa kowane jirgi da saƙon dijital ta cikin dogo, sabuwar dikoda tana zuwa da lamba 3 a matsayin lambar kiranta. A cikin saitunanta, da ake kira CV, CV2 ke saita ƙarfin tashi, CV3 da CV4 jinkirin ɗaukar gudu da na tsayawa, CV5 iyakar gudu. Rage CV5 tare da zaɓar matakan gudu 128 yana ba mai tuƙi sararin rarrafe sosai.

Ƙugiyar haɗa taragu irin ta kamfanin Kadee tana kwancewa da maganaɗisun da aka binne a layi, amma sai tsayinta ya daidaita, kusan milimita 9.9 daga saman dogo a HO. Wadda ta sunkuya tana kama maraba, wadda ta ɗaga tana sakin tarago a kan hawa. Shahararren shimfiɗin gwada duk wannan shi ne wasan jera taragu mai suna Inglenook, wanda Alan Wright ya ƙirƙira: layuka uku masu ɗaukar taragu 5, 3 da 3, a jera biyar cikin takwas bisa tsarin da aka zaɓa ta ƙuri'a.