American Pie ta Don McLean: me baitocin waƙar suke nufi

American Pie waƙa ce ta mawaƙin Amurka Don McLean, ta fito a ƙarshen 1971 a cikin kundin waƙoƙinsa mai wannan sunan, kuma a watan Janairun 1972 ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka ta yi mako 4 a can. Tsawonta ya kai minti 8 da rabi, abin da ba a saba gani ba a gidajen rediyo na lokacin, har sai da aka raba ta gida biyu a ƙaramin faifan garmaho, rabi a wannan fuska rabi a ɗaya fuskar, mai sauraro sai ya tashi ya juya faifan kafin ya ji ƙarshenta. Baitoci 6 ne da amshi mai dawowa. Abin da ya sa har yau ake ta maganarta shi ne cike take da mutane marasa suna, akwai wawan sarki, akwai sarki da sarauniya, akwai wata yarinya mai rera waƙar baƙin ciki, akwai ma Shaiɗan, kuma shi mai waƙar ya shafe kusan shekara 50 yana ƙin faɗin su wane ne.

Hatsarin jirgin 1959

Baitin farko shi kaɗai ne babu gardama a kansa. Ranar 3 ga Fabrairu 1959, da tsakar dare, wani ƙaramin jirgin sama ya tashi daga Mason City a jihar Ayowa ɗauke da mawaƙa uku, bai yi nisa ba ya faɗo a wata gona kusa da Clear Lake, babu wanda ya fita. Waɗanda suka mutu su ne Buddy Holly mai shekara 22, da Ritchie Valens mai shekara 17, da J. P. Richardson wanda aka fi sani da Big Bopper mai shekara 28, sai matuƙin jirgin Roger Peterson. Suna cikin rangadin wasanni ne a tsakiyar hunturu, motar bas ɗin da ke yawo da su na'urar ɗumama ta lalace, sanyi ya ishe su har mai buga musu ganga ya kwanta asibiti saboda ƙafafunsa, shi ya sa Holly ya yi hayar jirgin don ya riga su isa gari na gaba ya samu ya huta. Waylon Jennings, wanda daga baya ya zama babban mawaƙi shi ma, shi ya bar wa Big Bopper kujerarsa saboda mutumin yana fama da mura, shi kuwa Valens da jefa kwandala ya ci tasa kujerar a hannun Tommy Allsup mai jita.

McLean a lokacin yaro ne ɗan shekara 13 a garin New Rochelle na jihar Niyok, yana raba jaridu gida gida da sassafe, to a nan ya ga labarin. Baitin ya faɗi haka kusan kai tsaye, sanyin Fabrairu, mummunan labari a bakin ƙofa, da amaryar da ta zama bazawara, wato Maria Elena matar Holly, wadda ko wata 6 ba su cika da aure ba. Daga wannan baiti ne aka samo sunan da Amurkawa suke kiran ranar hatsarin da shi yanzu, ranar da kiɗa ya mutu. Kafin waƙar ba a kiranta haka. Wasu masu sharhi suna ƙara cewa makokin da ke cikin baitin ba na Holly kaɗai ba ne, don mahaifin McLean ya rasu a 1961 yana ɗan shekara 15, kuma shi kansa ya sha maganar yadda wannan mutuwar ta girgiza shi.

Amshin

A amshin mai waƙar yana yin ban kwana da wata budurwa da ya kira Miss American Pie, ya tuƙa motarsa Chevrolet zuwa bakin madatsar ruwa ya tarar wurin a bushe, ga wasu samari suna shan giya suna rera cewa yau ce ranar mutuwarsu. Wannan layin na ƙarshe juya amshin waƙar Holly ce ta 1957 mai suna That'll Be the Day, duk wanda ya san ta zai gane nan take. Ita budurwar kuma yawanci ana ɗaukarta a matsayin Amurka ta shekarun 1950 kamar yadda yaro ya ganta, ƙasar mota da rawa a makaranta da zuwa coci ran Lahadi, Chevrolet ma ai ita ce motar da ake ta tallata wa iyalai a talabijin a wancan zamanin.

Akwai wata jita-jita da ta daɗe tana yawo wai sunan jirgin da ya faɗi American Pie ne. Ba haka ba ne, jirgin ba shi da suna sai lambar rajista.

Baiti na biyu shi ma bai da wahala sosai, samartaka ce zalla, yaro ya ga wadda yake so tana rawa da wani a ɗakin wasannin makaranta sun cire takalma, shi kuma yana gefe da fure a rigarsa. A ciki an saƙa sunayen waƙoƙin zamanin, kamar Book of Love ta 1958 da waƙar Marty Robbins ta 1957 a kan farar kwat da fure mai ruwan hoda, sannan ya haɗa tambayar imani da Allah da tambayar imani da kiɗan rok a numfashi ɗaya. Wannan haɗin addini da kiɗa yana bin waƙar har ƙarshe, kuma ba mamaki don McLean a makarantun Katolika ya tashi.

Wawan sarki da rawanin ƙaya

A baiti na uku ne rigimar take. An ce shekara 10 sun wuce, wawa ya yi wa sarki da sarauniya waƙa sanye da kwat ɗin da ya aro a wurin ɗan wasan fim James Dean, sarki ya sunkuyar da kai sai wawan ya sace masa kambin ƙaya, kotu ta tashi ba a yanke hukunci ba. Tun 1972 wani mai gabatar da shirin rediyo a Shikago, Bob Dearborn, ya rubuta fassararsa layi layi aka riƙa rarraba ta, kuma fassarar da ta zauna a kan mutane ita ce wawan Bob Dylan ne, sarkin kuma Elvis Presley, wato Dylan ya ƙwace wa Elvis sarautar waƙa. Hujjojin ba su da rauni fa. A bangon faifan Dylan na 1963 yana sanye da jaket mai kama da ta James Dean yana tafe a titi kafaɗa a ɗage kamar shi, sannan a baiti na huɗu an ce wawan yana zaune a gefen fili an ɗaure masa karaya, Dylan kuwa ya yi hatsarin babur a Yulin 1966 ya daɗe bai fita rangadi ba. Kotun da ta tashi ba hukunci wasu sun ce kisan Shugaba Kennedy ne na 22 ga Nuwamba 1963, tunda wanda ake zargi an harbe shi kwana biyu bayan nan ba a taɓa gurfanar da shi ba.

Abin ya yi kama da yadda ake yi da zambon mawaƙan fada a ƙasar Hausa, mawaƙi ba ya kama suna, ya dai siffanta mutum da tafiyarsa ko rawaninsa, 'yan kallo su suke cike gurbin, kuma da zarar gari ya yarda cewa wane ake nufi to ko mawaƙin ya rantse ba shi ba ne ba mai saurarensa. Dylan dai bai ji daɗin a ce masa wawa ba, a wata hira a 2017 ya nuna cewa lallai wani daban ake nufi, a je a tambayi mai waƙar. Shi kuma McLean a fim ɗin tarihin waƙar da ya fito a 2022 ya ce da Dylan yake nufi da ya kira sunansa, da Elvis yake nufi da ya kira sunansa, ai ya ambaci James Dean ƙarara, ya kuma nuna cewa mai kambin ƙaya a labarin Kirista Yesu ne ba Elvis ba. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, gaskiya ɗaurin karayar nan da wuya a ce haɗuwa ce kawai. Amma dai maganarsa ta nuna cewa jerin nan na wane shi ne wane da ake kwafa a intanet aikin masu sauraro ne, ba daga bakinsa ya fito ba.

Ƙarshen baitin akwai wani yana karanta littafin Marx, a kunne ba a bambance ko Lennon na ƙungiyar mawaƙan Beatles aka ce ko Lenin na Rasha, da alama da gangan ne, sai mutum huɗu suna gwajin kiɗa a wani fili, nan ma yawanci Beatles ake cewa.

Daga 1966 zuwa Altamont

Baiti na huɗu da na biyar tafiya suke da gudu kuma sunayen waƙoƙi ne a ɓoye. Helter Skelter waƙar Beatles ce ta 1968, wadda Charles Manson ya ɗauka ya mai da ta wahayi, mabiyansa suka yi kisan gilla a Los Anjalas a Agustan 1969. Tsuntsayen da suka tashi sama mil 8 suna faɗowa ƙungiyar Byrds ce da waƙarsu ta 1966. Sajan-sajan masu kiɗan fareti ana danganta su da faifan Beatles mai suna Sgt. Pepper na 1967, ko da yake wasu sun ce sojoji da 'yan sanda ne na gaske, tunda baitin ya ce 'yan wasa sun so shiga fili masu faretin suka hana, wanda ya yi daidai da zanga-zangar ƙin yaƙin Biyetnam da dukan da aka yi wa matasa a Shikago a 1968. Duka biyun suna zama, kuma ba dole sai an zaɓi ɗaya ba.

Baiti na biyar kusan kowa ya yarda Altamont ne. Ranar 6 ga Disamba 1969 ƙungiyar mawaƙan Rolling Stones suka yi wasa kyauta a filin tseren mota na Altamont a Kalifoniya, wata 4 kacal bayan taron waƙoƙi na Woodstock da aka yi ta yabo a matsayin taron zaman lafiya da ƙauna, aka ba 'yan ƙungiyar babura ta Hells Angels aikin tsaron dandali, suna cikin wasa ɗaya daga cikinsu ya daɓa wa wani saurayi Meredith Hunter mai shekara 18 wuƙa ya mutu, kuma kyamara ta ɗauka. Waƙar ta ambaci Jack Flash, sunan da ke cikin wata waƙar Stones, ta ambaci mala'ikan da aka haifa a wuta, ta ce mai waƙar yana kallon wani a kan dandali ya dunƙule hannu don fushi, Shaiɗan kuma yana dariya. A nan ne aka fi jin ra'ayin McLean a fili, ba ya cikin masu ganin shekarun 1960 a matsayin ci gaba tsantsa, a wurinsa kiɗan da aka fara don rawa ya ƙare a jini. A bayanin da ya bayar a 2015 ya ce a taƙaice waƙar tana nuna abubuwa suna tafiya ba daidai ba, kuma ta wani ɓangaren waƙar tarbiyya ce.

Baitin ƙarshe

Sai kiɗan ya lafa ya koma a hankali kamar farko. Mai ba da labarin ya haɗu da yarinya mai waƙar baƙin ciki ya tambaye ta labari mai daɗi, ta yi murmushi ta juya, an daɗe ana cewa mawaƙiya Janis Joplin ce wadda ta mutu a Oktoban 1970 tana da shekara 27, McLean kuma ya musanta. Ya je shagon da yake jin waƙoƙi da can mai shagon ya ce kiɗan ba ya tashi, ƙararrawar coci duk sun fashe, sannan mutum uku da ya fi girmamawa, waɗanda ya kira da sunayen Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki na aƙidar Kirista, suka hau jirgin ƙasa na ƙarshe suka tafi bakin teku. Wasu sun ce mawaƙan uku ne na hatsarin, wasu sun ce John Kennedy da Martin Luther King da Robert Kennedy ne, biyun ƙarshe an kashe su a 1968 wata biyu tsakani. Fassarar da ta fi sauƙi ita ce a bar layin yadda yake, addini ne ya tattara ya bar ƙasar, kuma ta fi dacewa da fasassun ƙararrawan da ke gabansa.

Bayan fitowarta

Shekaru da yawa in an tambayi McLean ma'anar waƙar sai ya mai da abin raha ya ce ma'anarta ita ce ba sai ya sake yin aiki ba in bai ga dama ba. Madonna ta sake rera ta a 2000 ta yanke baitoci da yawa, ta kai matsayi na ɗaya a Birtaniya. A Afrilun 2015 aka yi gwanjon takardun da ya rubuta waƙar a kai, shafi 16, a kamfanin Christie's da ke Niyok, aka saye su dala miliyan 1.2, kuma a cikinsu akwai wani baiti da bai taɓa shiga faifai ba inda mai waƙar ya durƙusa yana addu'a kiɗan ya sake rayuwa. A 2017 ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka ta a rajistar faya-fayan da ake adanawa don tarihi. Ta riƙe kambin waƙa mafi tsawo da ta taɓa hawa matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard har zuwa Nuwamban 2021, lokacin da All Too Well ta Taylor Swift mai minti 10 ta karɓe shi.