Me ake nufi da raunin fayil na wucin gadi a manhajojin rubutu?

Wanda ya taɓa buɗe fayil da manhajar rubutu ta Vim, ya lura da wani ɓoyayyen fayil mai ƙarewa da .swp a gefensa, to ya ga fayil na wucin gadi da idonsa. Emacs, wata manhajar rubutun, shi ma yakan ajiye tsohon kwafi da alamar ~ a ƙarshen suna. Manufar mai kyau ce: ko wuta ta ɗauke, ko manhaja ta tsaya cik, aikinka bai tafi a banza ba.

Matsalar tana wajen yadda ake ƙirƙirar irin wannan fayil, shi ne raunin da masana tsaro suka yi wa lamba CWE-377. A Linux da danginsa akwai folda /tmp, wadda duk mai asusu a kwamfutar zai iya rubutu a cikinta. A ce manhaja ta zaɓi sunan da ake iya canka, ta leƙa ta ga babu fayil mai wannan suna, sannan ta dawo ta buɗe shi. Tsakanin leƙawa da buɗewa bai kai ƙiftawar ido ba, amma ya ishi mugu. Sai ya yi wuf ya ajiye simlink da wannan sunan, wato fayil marar komai a ciki sai nuni zuwa wani fayil daban, misali /etc/passwd, fayil ɗin da ke ɗauke da jerin asusun masu shiga kwamfutar. In mai cikakken iko da na'urar ne ke amfani da manhajar, da hannunsa zai rubuta a kan fayil ɗin asusu, bai sani ba.

Ba tsohon labari ba ne. A 2024 an gano makamancin haka a manhajar rubutu ta GNU nano, lamba CVE-2024-5742: idan aka kashe manhajar ana tsakiyar rubutu, fayil ɗin gaggawa da take ajiyewa yana ba da kafar saka simlink. Akwai kuma ɓangaren izini. A 2017 an ba da rahoton cewa Vim da Emacs ba sa bin ƙa'idar umask, wato saitin da ke taƙaita izinin sabon fayil, wajen yin irin waɗancan kwafi na .swp da ~, har wanda bai kamata ba ya iya karanta su.

Maganin ya daɗe da samuwa, abin da ke ba ni mamaki ke nan. Umarnin mkstemp, wanda masu haɗa manhaja ke amfani da shi, yana zaɓar suna ya buɗe fayil a mataki guda, da izinin mai shi kaɗai, in kuwa sunan na nan sai ya nemi wani. Tsohon takwaransa mktemp, mai zaɓar suna kawai ba tare da buɗe fayil ba, tun 2008 aka cire shi daga ƙa'idar POSIX da Linux da danginsa ke bi, kuma Linux 3.6 ya zo da kariyar simlink a 2012.

Mai kwamfutar da shi kaɗai ke taɓa ta, hatsarinsa kaɗan ne. Inda abin ke cizo shi ne saba, wato kwamfutar da mutane da yawa ke shiga, ko ta shafin intanet: ka gyara wp-config.php, fayil ɗin saitin shafin WordPress, kai tsaye, layi ya katse, .swp ɗin ya zauna a wurin ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai, yana jiran duk wanda ya san sunan da zai nema.