Sankarar Huhu da Ta Yi Nisa: Wa Ƙwayar Magani Mai Saiti Take Yi wa Aiki?

Akwai ƙwayoyin magani da mai sankarar huhu zai riƙa haɗiya a gida, ƙarin da ke ƙirjinsa ya motse, ko da ciwon ya riga ya kai ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Labarinsu ya iso Bauchi da Gombe, har wasu iyalai kan haɗa kuɗi su aika a sayo musu daga nesa. Sai dai ba kowane majinyaci suke yi wa aiki ba, kuma gwajin naman ƙarin ne ke nuna wanda za su yi wa.

Mene ne bambancinsa da kemo?

Kemo, wato maganin sankara da galibi ake sawa ta jijiya, na kashe duk ƙwayar jiki da ke saurin hayayyafa, mai ciwo da mai lafiya, shi ya sa gashi ke zubewa, jini ke raguwa. Magani mai saiti kuwa lahani guda yake bi. A jikin ƙwayar huhu akwai wani furotin da ke ba ta umarnin ta rabu biyu idan da buƙata, ya yi shiru idan babu. Idan aka samu sauyi a ƙwayar halittar da ke tsara wannan furotin, sai ya zama kamar makunnin lantarki da ya maƙale a kunne, umarni na ta fita dare da rana. Maganin kan toshe gurbin da furotin ɗin ke karɓar makamashi, umarnin ya tsaya. In babu wannan lahani a ƙarin, maganin ba shi da abin kamawa.

Sauyin a cikin ƙarin yake faruwa. Galibi ba gadonsa ake yi ba, kuma ba a ɗaukar ciwon ta tari ko cin abinci a kwano ɗaya.

Waɗanne sauye-sauye ake nema?

Kimanin kashi 85 cikin 100 na sankarar huhu nau'in da ba na ƙananan ƙwayoyi ba ne, kuma a reshensa da ake kira adenocarcinoma aka fi samun waɗannan sauye-sauye. Na farko shi ne sauyin ƙwayar halittar da ake kira EGFR, sauyin da aka gano a 2004. Ana samunsa a kashi 10 zuwa 15 na Turawa masu wannan nau'i, a gabashin Asiya kuma ya kai 40 zuwa 50. Iri biyu ne suka fi yawa, wanda takardar sakamako za ta rubuta exon 19 deletion, da wanda za ta rubuta L858R. Na biyu ALK, da masu bincike a Japan suka bayyana a 2007, kimanin kashi 3 zuwa 5. Sai ROS1, kashi 1 zuwa 2. Akwai kuma KRAS G12C, BRAF V600E, MET da RET, kowanne da nasa maganin.

EGFR da ALK sun fi yawa ga wanda bai taɓa shan taba ba. EGFR ya fi kama mata, ALK kuma masu ƙarancin shekaru. Amma wannan ba hujja ba ce ta hana mashayin taba gwaji, haka kuma ba hujja ba ce ta ba matar da ba ta taɓa riƙe sigari ba magani da ka.

An ce tibi (tarin fuka) ne, an sha magani wata da watanni babu sauƙi. Me ya kamata a yi?

A yankinmu nan ne lokaci ya fi salwanta. Tari mai tsawo, rama, kakin jini, ruwa a ƙirji: duk alamomin tibi ne, kuma duk alamomin sankarar huhu ne. Tun da tibi ya fi yawa, shi ake fara zargi. Idan gwajin majina na GeneXpert bai nuna tibi ba, ko an yi kusan wata biyu ana shan magani kan ƙa'ida jiki na ƙara lalacewa, a koma wurin likita a nemi hoton CT na ƙirji. Kada a jira wata shidan maganin tibi su cika. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi su ne manyan wuraren da ake tura irin wannan matsala a jihohin biyu. Mutum ɗaya ma na iya ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda.

Yaya ake gwajin, kuma ina yake lalacewa?

Sai an ciro ɗan nama daga ƙarin. Ana yi da allura ta bangon ƙirji hoto na nuna hanya, ko da siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro, ko daga kaluluwar da ta kumbura a wuya, wadda ita ta fi sauƙin kaiwa. Ana jefa naman nan take cikin ruwan formalin mai ƙarfin kashi 10, ya zauna awa 6 zuwa 72. Ya wuce haka, ko ya bushe a hanya, ƙwayoyin halittar sun lalace, sakamako ya dawo babu amsa. Naman ƙashi ma yakan ba da matsala, don asid ɗin da ake tausasa ƙashi da shi yana ɓata abin da ake nema.

Daga nan likitan ɗakin gwaji zai daskarar da naman cikin ɗan dunƙulen kakin kyandir, ya yanka ya duba nau'in sankarar. Wannan dunƙule shi ne ake aikawa don gwajin EGFR da sauransu, sau da yawa zuwa wani babban gari ko ƙasar waje. Masu jinya su tambayi lambarsa su adana. A kuma roƙi a yi tattalin naman, don idan an ƙarar da shi a gwaje-gwajen farko sai an sake huda majinyaci. Haka ruwan da aka zuƙe daga ƙirji, kada a zubar, ana iya tace ƙwayoyin cikinsa a yi gwajin da su.

Akwai gwajin jini da ke neman ɓurɓushin ƙarin. Idan ya nuna sauyin, an yarda da shi. Idan bai nuna ba, ba a gama magana ba, sai an duba nama. Sakamako kan ɗauki mako ɗaya zuwa uku. Idan jiki ba zai iya jira ba, likita na iya fara kemo kafin ya fito.

Me zai hana a sayi ƙwayar a gwada kawai?

An riga an gwada. A binciken IPASS da aka wallafa a 2009, an kwatanta gefitinib, ɗaya daga cikin ƙwayoyin magani masu saiti, da kemo a gabashin Asiya. Cikin masu sauyin EGFR, ƙarin ya motse ga kashi 71 da gefitinib, kashi 47 da kemo. Cikin waɗanda ba su da sauyin, ya motse ga kashi 1 kacal da gefitinib, alhali kemo ya yi wa kashi 23 aiki. Wanda ya sha ba gwaji, in ba shi da sauyin, ya yi asarar kuɗi, ya kuma yi asarar watannin da kemo zai taimake shi. A ganinmu, kuɗin farko da iyali za su kashe na gwaji ne.

Wane magani ake bayarwa, kuma nawa ake sha?

Ga EGFR, zaɓin farko a yau osimertinib ne, miligiram 80 sau ɗaya a rana, da abinci ko babu. Ya fi na baya shiga ƙwaƙwalwa. Idan bai samu ba, gefitinib miligiram 250 ko erlotinib miligiram 150 a rana har yanzu magunguna ne na ƙwarai. Erlotinib sai ciki babu komai: awa ɗaya kafin abinci ko awa biyu bayansa. Afatinib, miligiram 40, shi ma ba a haɗa shi da abinci. Ga ALK akwai alectinib, miligiram 600 safe da yamma tare da abinci, da lorlatinib miligiram 100 a rana, sai crizotinib wanda ya girme su, miligiram 250 sau biyu, yana kuma yi wa ROS1 aiki. Wannan shi ne adadin da aka saba farawa da shi, likita ne ke ragewa idan hanta ko jiki sun nuna gajiya.

Wanda haɗiya ta gagare shi, ana jefa osimertinib cikin ruwa kimanin mililita 50, a juya har ya watse, a sha nan take, a ɗauraye kofin a sake sha. Ba a dakawa, ba a sa ruwan zafi.

Yana warkarwa?

Idan ciwon ya bazu, a'a. Danne shi yake yi, amma dannewa mai ma'ana: tari ya lafa, numfashi ya dawo, mutum ya koma kasuwa ko ofis, wani lokaci cikin makonni kaɗan. A binciken FLAURA, matsakaicin lokacin da ciwo ya tsaya bai ci gaba ba shi ne wata 18.9 da osimertinib, wata 10.2 da gefitinib ko erlotinib. A binciken CROWN, kashi 60 na masu ALK da ke shan lorlatinib sun kai shekara biyar ciwon bai motsa ba, a kan kashi 8 na masu crizotinib. Waɗannan alƙaluman taron jama'a ne, wani ya zarce, wani bai kai ba. Rai na hannun Allah, amma maganin na buƙatar a sha shi kullum, ana kuma ɗaukar hoton CT duk wata biyu zuwa uku.

Wace illa za a gani, kuma wacce ce ta gaggawa?

Magungunan EGFR kan fito da ƙuraje a fuska, ƙirji da baya cikin makonni biyun farko. Sun yi kama da ƙurajen balaga amma ba su ba ne, man ƙurajen kanti ƙara busar da fata zai yi. A yi wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, a shafa man kaɗanya ko basilin, musamman da hunturu, a rage shiga rana, a daina shafa man bilicin. Idan sun yi yawa likita kan rubuta doxycycline da man hydrocortisone. Gefen farce kan kumbura ya yi ruwa, don haka a bar takalmi mai matsewa, kada a yanke farce har ƙasa.

Gudawa ita ce ta biyu. A ajiye loperamide a gida tun ranar farko: miligiram 4 da farawa, sai 2 bayan kowane zagaye, kada a wuce 16 a rana, tare da ruwan gishiri da sukari. Idan ta wuce kwana biyu, ko da zazzaɓi ko jini, asibiti za a tafi. A zafin Maris da Afrilu ƙoda ba ta jure rashin ruwa.

Abin tsoro shi ne kumburin huhu da maganin kansa ke jawowa ga mutum kaɗan cikin ɗari. Alamarsa sabon haki, busasshen tari ko zazzaɓi da suka taso farat ɗaya. A dakatar da ƙwayar, a je asibiti a ranar. Haɗarin ya fi yawa idan an ba da osimertinib jim kaɗan bayan allurar zaburar da garkuwar jiki, wadda dama ba ta cika yi wa masu EGFR da ALK aiki ba. Osimertinib na iya taɓa zuciya, shi ya sa ake gwajin bugunta kafin farawa. Alectinib kan kawo ciwon tsoka da taurin bayan gida. Lorlatinib kan ɗaga kitsen jini, ya kumbura ƙafa, wani lokaci ya sauya hali ko ya kawo mantuwa, kuma iyali kan riga majinyaci lura. Mace ba ta ɗaukar ciki ko shayarwa a kan waɗannan magunguna.

Me ba a haɗawa da su?

Rifampicin, wanda ke cikin maganin tibi, shi ne babba. Yana sa hanta ta ƙone maganin da sauri, har yawan gefitinib ko osimertinib a jini ya faɗi da kusan kashi 80, kuma tasirinsa kan ɗauki kamar mako biyu bayan an daina. Da lorlatinib kuwa ba a haɗa su sam, don hanta. Idan tibin gaskiya ne, likitocin ɓangarorin biyu ne za su zauna su tsara. Magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin ma haka suke yi, wasu magungunan HIV ma sai an duba. Omeprazole da 'yan'uwansa na olsa kan hana erlotinib da gefitinib narkewa a ciki, amma ba su dami osimertinib ba. Taba na rage ƙarfin erlotinib. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuma matsalarsu ita ce idan hanta ta taɓu, ba a san wa za a zarga ba, sai a dakatar da maganin da ke aiki. A zuba duk abin da ake sha a leda a kai wa likita ya gani.

Azumi fa, da mantuwa?

Mai shan ƙwaya ɗaya a rana na iya mayar da ita lokacin sahur ko bayan buɗa-baki, da sanin likita, ya tsaya kan lokaci guda. Mai erlotinib ya sha awa ɗaya kafin sahur ko awa biyu bayan abincin dare. Mai gudawa ko rama ya karɓi rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya. Idan an manta osimertinib, a sha in saura fiye da awa 12 kafin na gaba, in ba haka ba a tsallake, ba a ninkawa. A ajiye magani a kwalinsa, a inda zafi bai wuce digiri 30 ba, ba cikin mota ba.

Idan ya daina aiki?

Kusan ko da yaushe ƙarin kan samo hanyar kaucewa. Bayan gefitinib ko erlotinib, fiye da rabin majinyata sabon sauyi ne mai suna T790M ke ɓullowa, kuma osimertinib na kama shi, don haka a sake gwaji. Bayan osimertinib akan ga wani sauyin mai suna C797S, ko ƙaruwar MET, ko ƙarin ya rikiɗe zuwa nau'in ƙananan ƙwayoyi mai buƙatar wani kemo dabam. Idan wuri ɗaya ko biyu ne kawai suka girma, ana iya gasa su da hasken na'ura (radiotherapy) a ci gaba da ƙwayar. Kada a daina shan ta kafin a shirya abin da zai biyo, don ciwon kan yi tashin gaggawa cikin kwanaki ga wasu.

Kuɗin fa?

Magani ne na kowane wata ba tare da ranar gamawa ba, don haka a yi lissafin shekara tun farko, a gaya wa likita gaskiyar aljihu. Gefitinib da za a iya saye kullum ya fi osimertinib na wata biyu a tsaya. Raba ƙwaya biyu ko shan ta yau a tsallake gobe yana rage ta a jini ne, ciwon ya samu sarari. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa erlotinib cikin jerin muhimman magunguna, da gefitinib da afatinib a madadinsa, kuma akwai na kamfanoni daban-daban masu rahusa. A saya ta hannun kantin maganin asibiti ko amintaccen mai harhaɗa magani, a duba lambar NAFDAC da lambar rukuni da ranar lalacewa, a kuma tambayi ofishin walwalar majinyata ko akwai tallafi. A sayi kwali na gaba tun saura kwana goma na hannu ya ƙare, don kawo shi Gombe ko Bauchi kan ɗauki lokaci.