Yadda ake bambance ƙadangaru 'yan'uwan juna da ruwan jininsu: tambayoyi da amsoshi

Jan gwadan da ke kan katanga a Tudun Wadan Kaduna, da na dutsen Kufena a Zariya, da na duwatsun Kajuru, jinsi ɗaya ne ko kuwa kama ce kawai? Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana dabbobi suka daɗe suna bi don warware irin wannan ita ce duba furotin ɗin da ke cikin ruwan jini.

Me ya sa ba za a tsaya ga siffa da launi ba?

Domin launin ƙadangare ba ya tsayawa wuri ɗaya. Namijin da ya mallaki fili kansa ja ne da rana, da dare ya dushe. Ƙananan maza kuma sai ka rantse mata ne. Ana ƙirga ɓawon fatar da ya kewaye tsakiyar jiki, amma ƙidayar gungu biyu takan shiga juna. Kama da wane ba ta wane. Sai a 1968 ne Alice Grandison ta ware Agama paragama daga Arewacin Najeriya a matsayin jinsi na daban, bayan an daɗe ana haɗa shi da Agama agama, wato jan gwadan da aka saba gani.

Wane ruwan jini ake nufi?

In aka bar jini ya daskare, wani ruwa fatsi-fatsi kan taso a sama, shi ne siram. In kuwa aka sa maganin hana daskarewa aka juya jinin a na'ura, abin da ya taso filasma ne, wanda ke ɗauke da furotin ɗin daskarewa mai suna fibirinojin. Kada a gwada siram na wani gungu da filasma na wani, don wannan furotin zai fito kamar bambancin gado alhali ba shi ba ne. Waɗanda aka fi dubawa su ne albumin, da tiransferin mai jigilar sinadarin ƙarfe, da wasu enzayim, wato furotin masu hanzarta ayyukan sinadarai a jiki, irin su estares. Kowannensu ƙwayoyin gado ne ke tsara shi, shi ya sa yake iya zama shaidar dangantaka.

Jini nawa ake ɗiba, kuma daga ina?

Jinin dabba mai rarrafe kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari ne na nauyin jikinta, kuma ba a ɗibar fiye da kashi 10 cikin ɗari na jinin. Ƙadangare mai giram 60 ke nan ba zai ba da abin da ya wuce mililita 0.3 zuwa 0.5 ba. A auna shi a sikeli tukuna, kada a yi kirdado.

Ana ɗiba daga jijiyar da ke bin ƙasan wutsiya. A riƙe shi a rigingine, a goge wurin da sifirit, a soka allura mai lamba 25 zuwa 27 a tsakiyar layin wutsiya har ta taɓa ƙashi, sannan a ɗan janye ta kaɗan a ja a hankali. In namiji ne a nisanci gindin wutsiya, don al'aurarsa guda biyu a nan suke kwance. Tsaka da kulɓa kuwa suna yar da wutsiya da zarar an matsa, sai da taushin hannu. In aka ga ruwa garau ya fara shiga sirinji, an soki magudanar limfa ne, wani ruwan jiki da ba jini ba, kuma wannan samfurin ya tsinke, a ajiye shi gefe.

Bayan jinin ya daskare sai a juya shi kamar minti 10 a gudun juyi 3,000 a minti, a zuƙe ruwan sama, a raba shi ƙananan kwalabe, a ajiye a sanyin digiri 20 ƙasa da sifiri. In filasma ake so, a cikin magungunan hana daskarewa hefarin ya fi EDTA, don shi EDTA yana fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu dabbobi masu rarrafe.

Yaya ake rarrabe furotin da lantarki?

Ana ɗiga 'yan ɗigo a ramukan wani faranti na kunun sitaci ko na akirilamaid da ya daskare, a jiƙa shi da ruwan da aka daidaita a pH 8.6 (pH ma'aunin tsami ne), a saki wuta. Kowane furotin na tafiya gwargwadon cajinsa da girmansa. Albumin ne kan yi gaba zuwa ɓangaren mai alamar tarawa. Bayan sa'o'i sai a rina farantin da rini irin Amido baƙi ko Coomassie shuɗi, layuka su fito. Oliver Smithies ne ya fito da hanyar sitaci a 1955.

Tiransferin ne ya fi amfani a tsakanin 'yan'uwa na kusa, saboda gadon uwa da na uba duka suna bayyana. Wanda ya gaji iri ɗaya daga iyayensa layi ɗaya zai nuna, wanda ya gaji iri biyu layi biyu. Da haka ne Herbert Dessauer da abokan aikinsa suka gano barbaren yanyawa tsakanin ƙananan jinsuna biyu na ƙadangarun Cnemidophorus a kudu maso yammacin Amurka a 1962. A 1965 kuma shi da George Gorman suka yi amfani da tiransferin da himogulobin, furotin ɗin da ke ba jini launin ja, wajen tantance dangantakar ƙadangarun Anolis na tsibiran Karibiyan.

Ban da ta lantarki, akwai wata hanya?

Akwai hanyar zomo, kuma ta girmi ta lantarki. George Nuttall na Kambirij ya wallafa babban aikinsa a kanta tun 1904. Ana tace albumin na ƙadangaren gungu ɗaya a yi wa zomaye allurarsa sau da yawa cikin kusan wata uku, jikinsu ya ƙera garkuwar da ke kama wannan furotin. Sai a haɗa siram ɗin zomaye uku ko huɗu, don kowane zomo da irin martaninsa.

A gwajin Ouchterlony na 1948, ana huda rami a tsakiyar farantin aga, wani daskararren kunu da ake samu daga ciyawar teku, a zuba siram ɗin zomo, a zuba na ƙadangaru a ramukan gefe, a rufe a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Inda suka haɗu farin layi zai fito. In layukan ramuka biyu suka haɗe suka yi baka guda, furotin ɗin iri ɗaya ne a idon garkuwar. In ɗaya ya zarce da ɗan ƙaho, akwai bambanci kaɗan. In suka gitta juna, sun yi nisa. Masu binciken ƙudan tsando sun yi amfani da dangin wannan gwaji don gane jinin dabbar da ƙuda ya sha, kuma guza na cikin waɗanda tsandon bakin rafi ke yawan cizo.

Wacce ta fi dacewa da gungu na kusa?

Ta lantarki, ba tantama. Ko ingantacciyar hanyar garkuwa da Vincent Sarich da Allan Wilson suka yi aiki da ita a 1967 tana da kuskuren awo na kusan maki 2 a ma'aunin bambancin furotin, alhali maki 100 na nufin rabuwar shekara miliyan 55 zuwa 60 ne a lissafinsu. Gungu biyu da kogin Kaduna ya raba jiya-jiya a lissafin halitta, bambancinsu zai nutse cikin kuskuren. Hanyar zomo ta fi kyau wajen gwada damo da guza, ko jan gwada da hawainiya.

Sai dai ita ma lantarkin ba ta ganin komai. Canjin da bai taɓa cajin furotin ba ba ya fitowa, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu kawai take kamawa. Layuka iri ɗaya ba hujja ba ne cewa gungu biyu ɗaya ne. Layuka daban su ne hujja mai ƙarfi.

Me ya fi ɓata sakamako a irin yanayinmu?

Na farko mace mai ƙwai. Da damina, lokacin da ƙadangaru ke hayayyafa, hantarta na zuba furotin ɗin gwaiduwa cikin jini, sai wani layi mai kauri ya fito. Wanda ya ɗebi mata a Kagoro a watan Yuni ya gwada su da mazan Zariya na watan Janairu zai ɗauka ya gano sabon jinsi. A gwada maza da maza, mata da mata, a yanayi ɗaya.

Na biyu fashewar ƙwayoyin jini, wadda jan sirinji da ƙarfi ko barin kwalba cikin mota da zafin Maris ke jawowa. Siram ya koma ja, himogulobin ya rufe wasu layukan. Na uku ɗauke wuta: duk narkewa da sake daskarewa na lalata furotin, enzayim ne ke fara mutuwa. Shi ya sa ake raba samfuri ƙananan kwalabe tun farko. Farantin ma in ya yi zafi layuka kan lanƙwashe, don haka a rage ƙarfin wuta ko a yi aikin cikin firji. Kuma a sa samfuri guda sananne a kowane faranti, don ba a gwada faranti biyu da ido kawai.

Ƙadangaru nawa ake buƙata kafin a yanke hukunci?

Kamar 30 daga kowane wuri. Kowanne na ɗauke da kofi biyu na ƙwayar gado, 60 ke nan, kuma da wannan adadi akwai damar kashi 95 cikin ɗari ta cin karo da irin da kashi 5 cikin ɗari ne kawai yawansa. A duba furotin da yawa, ba guda ba.

Hujja mafi nauyi tana inda gungu biyu ke zaune wuri ɗaya. In kowanne ya riƙe layinsa kuma babu mai layi biyu, ba sa barbarar juna, jinsi biyu ne. In suna nesa da juna, bambancin na iya zama na nisa kawai, sai an ɗebi na garuruwan da ke tsakani.

Da zuwan gwajin DNA, akwai sauran amfani?

Don sanya wa sabon jinsi suna, yau DNA ake nema, tare da siffa. Da shi ne aka sake fasalin dangin Agama agama, har ake kiran da yawa daga na Afirka ta Yamma Agama picticauda. Amma ɗiban jini ɗaya ya isa aiki biyu, domin jajayen ƙwayoyin jinin ƙadangare suna da cibiya mai ɗauke da DNA, saɓanin na mutum. Kada a zubar da gudan jinin da ya rage a ƙasan kwalba: a zuba masa etanol mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari, a rubuta lamba da wuri da rana da fensir, don etanol na wanke tawada.