Reshen gwaji na babbar manhajar kwamfuta

Reshen gwaji shi ne sigar babbar manhajar kwamfuta da sababbin gyare-gyare ke fara sauka a kanta kafin su kai ga sigar da aka tabbatar da ingancinta. Debian da Fedora da FreeBSD duk manyan manhajojin kwamfuta ne. A Debian ana ce wa wannan reshe unstable ko Sid, a Fedora Rawhide, a FreeBSD kuma CURRENT.

Tarihi

Ian Murdock ne ya kafa Debian a 1993. A shekarun farko rassa biyu ake bi, stable, wato sigar da aka tabbatar da ingancinta, da unstable. Wajen shekarar 2000 aka sanya na uku a tsakaninsu, wato testing, domin rage tazarar. Sabon ƙunshin manhaja kan fara shiga Sid, ya yi 'yan kwanaki, galibi biyar. Idan ba a kai rahoton babbar matsala a kansa ba, sai ya wuce zuwa testing da kansa. In lokacin fitar da sabuwar siga ya matso, akan tsayar da shigar sababbin abubuwa cikin testing, a duƙufa ga gyara kurakurai. Shi Sid ba a taɓa fitar da shi a matsayin siga, kullum a hannun magina yake. Microsoft ma ya buɗe irin wannan ƙofa ga jama'a a 2014 da shirin Windows Insider.

Yadda ake sauyawa zuwa Sid

Abu mafi muhimmanci shi ne Debian ba ta lamunci komawa baya ba, don haka sai an kwafe bayanai zuwa wani faifai daban tukuna. Daga nan a sauya sunan reshe zuwa unstable a fayil ɗin /etc/apt/sources.list, a rubuta umarnin apt update, sannan apt full-upgrade (apt ita ce manhajar da ke saukewa da girka manhajoji a Debian). Kafin a amsa, wajibi ne a karanta jerin abin da za a cire, domin a nan ne mutum kan rasa duk fuskar kwamfutarsa, wato tagogi da gumakan da ake dannawa. Manhajar apt-listbugs tana yin gargaɗi kan kurakuran da aka riga aka sani.

A Kano, inda ake yawan ɗauke wuta, dabarar ita ce a fara sauke komai ta hanyar ƙara --download-only a kan umarnin apt full-upgrade, a jira batir ya cika ko a tayar da janareta, sannan a girka. In aikin ya katse a tsakiya, umarnin dpkg --configure -a yakan ƙarasa shi. Kwamfutar shago ko ta rubuta kundin digiri ba wurin gwaji ba ce.

Saɓani

Wasu sun fifita testing, wasu Sid, saboda gyaran tsaro ya fi saurin isa Sid.